Gari Guda a Tafin Hannu

Taswirar takarda sai an shimfiɗa ta a kan tebur. Ta waya kuwa, gari guda ake so ta nuna a fuskar da ba ta wuce tafin hannu ba, ga mai ita yana tafe cikin rana, ɗaya hannun da kaya. Masu tsara ta sun cancanci jinjina, domin babban aikinsu shi ne sanin abin da za a ɓoye.

Buɗe Google Maps ka gani. Daga nesa, manyan hanyoyi da sunayen garuruwa kaɗai ke fitowa. Ka matso kaɗan, unguwanni su bayyana. Ka ƙara matsowa, sai ga lunguna, gidajen mai da kantunan magani. A kowane mataki an zauna an yanke abin da zai fito, kuma in sunaye biyu suka yi karo a wuri ɗaya, ƙaramin ne ke janyewa. Mai amfani ba ya ma lura, kuma nan gwanintar take.

Sai batun yatsa. Wayar iPhone ta 2007 ce ta sabar wa jama'a ware yatsu biyu a kan gilashi don taswira ta ƙara girma. To, wanda ke riƙe da ƙarfen bas da hannu ɗaya fa? An samo masa dabara: ya taɓa sau biyu, ya bar babban yatsa a danne, ya ja sama ko ƙasa. Manyan maɓallan ma an sauko da su ƙasa, inda yatsan ke kaiwa ba wahala.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka sunkuya suka koyi kwatance irin na mutane. A Indiya, inda tituna da yawa ba a san su da suna ba, Google ya fara kwatance da alamomi a 2009: ka wuce gidan mai kaza, ka sha kwana daidai wurin ibada kaza. Ai haka mu ma muke yi wa baƙo. A 2019 kuma aka kawo wa Najeriya tsarin masu babur, wanda ke bin hanyoyin da suka dace da abin hawa mai ƙafa biyu.

Matasanmu masu koyon ƙera manhaja, kafin ku ce kun gama, ku miƙa wa ɗan acaɓa wayar da tsakar rana, ku ga ko zai gane hanyarsa da kallo ɗaya.