Jirgi, kwando da akwati: sharhi a kan fassarar kalmar "arche"

Duk mai shirya ƙamus na Faransanci da Hausa, in ya iso ga kalmar "arche", sai ya dakata. Faransanci da kalma ɗaya yake kiran jirgin Annabi Nuhu da kuma akwatin da Bani Isra'ila suka ajiye allunan shari'a a ciki. Wannan haɗi gado ne daga Latinanci, inda "arca" ta ɗauki ma'anonin biyu, Latinanci kuwa ya bi sawun fassarar Girkanci wadda ta yi amfani da "kibotos" a wuraren biyu. Ibrananci bai haɗa su ba. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa, wadda ta fara fitowa cikakkiya a 1932 aka kuma sabunta ta a 1979, ita ma ba ta haɗa su ba, kuma a nan ta fi Faransanci kusa da asali.

Kalmomi biyu ne a Ibrananci. Ta farko, "teba", wuri biyu kaɗai ta fito: labarin Nuhu cikin Farawa, da labarin jinjiri Musa cikin Fitowa sura 2. A duka biyun, abu ne da aka shafe da kwalta, yake yawo bisa ruwa ba matuƙi, da rai a cikinsa. Hausa ta ce jirgi a wuri na farko, kwando a na biyu. Ma'ana ta fito sarai, amma zaren da ya ɗaure labaran biyu ya tsinke, ba mu kuwa ga dabarar da za ta hana haka ba, don ba Bahaushen da zai yarda a sa jinjiri cikin jirgi a ɓoye cikin ciyawar bakin kogi.

Ta biyun ita ce "aron", kuma ita ce ta fi jan hankalinmu. Ba kalmar ibada ba ce tun asali. Da ita aka kira abin da aka sa gawar Yusufu a Masar, a ƙarshen Farawa. Da ita aka kira abin da firist Yehoyada ya huda wa murfi don tara kuɗin gyaran Haikali, cikin 2 Sarakuna sura 12. Wato kalma ce ta yau da kullum, tsarkinta daga abin da ke ciki yake zuwa. Saboda haka masu sukar "akwatin alkawari", suna cewa akwati ya yi araha tun da shi ne na lefe da na zaɓe da na gidan waya, sun nemi Hausa ta ƙara wa kalmar kwarjinin da ba ta da shi a harshen asali. Akwatin gawa da akwatin kuɗi duk Hausa ce tsantsa, kamar yadda suke a Ibrananci. Da wuya a sami dacewa irin wannan tsakanin harsuna biyu.

Akwai wasu kalmomin da za a iya kawowa. "Sanduƙi" daga Larabci take, amma ta tsufa a bakin matasa. "Adaka" kuwa ana danganta ta da harshen Ashanti, wanda shi ma ake jin ya aro ta daga "arca" ta Fotugis. In haka ne, ƴar uwar "arche" ce da ta biyo hanyar fataken goro. Abin sha'awa ne ga mai bin asalin kalmomi, sai dai ba hujja ba ce ga mai fassara. Wadda ta fi nauyi ita ce "tabut" ta Alƙur'ani, da ta zo cikin Baƙara aya 248 a kan akwatin zamanin Ɗalutu, ta sake zuwa cikin Ɗaha aya 39 a kan abin da aka jefa Musa a kogi. Larabcin Alƙur'ani ke nan ya raba ma'anonin ta wata hanya ta uku: ya haɗa na Musa da na alkawari, ya ware jirgin Nuhu. Kiristocin Habasha ma "tabot" suke kiran allon da kowace majami'arsu take ajiyewa. A ganinmu ya kamata ƙamus ya ambaci "tabut" cikin bayani, domin malaman Damagaram ko Tawa ita suka sani, amma kada ta zama kan kalma, tun da masu tafsiri su kansu akwati suke cewa in sun juya ayar.

Inda muke da ƙorafi shi ne itacen. Fitowa sura 25 ta ba da awo, tsawo kamu 2 da rabi, faɗi da tsayi kamu 1 da rabi kowanne, kuma "kamu" ta zauna daram. Itacen kuwa "shitta" ne, ɗaya daga itatuwan ƙaya na hamadar Sinai, dangin bagaruwa. Fassarar ta ce ƙirya. An fahimci dalili, ƙirya ce itacen da Bahaushe ya sani da ƙarko, da ita ake sassaƙa turmi. Amma ƙirya ta ƙasar damina ce, ba ta hamada ba. Makiyayin arewacin Tawa yana da kandili a ƙofar bukkarsa, wanda irinsa ne yake tsirowa a Sinai har yau. An yi fassarar da kunnen Hausar kudu, kalmomin Sahel ba su samu shiga ba, wannan kuwa aiki ne da ya rataya a wuyan masu tattara kalmomi na ƙasarmu.

Murfin akwatin ma yana bukatar a sake dubawa. Sunansa "kapporet", Faransanci ya ce "propitiatoire", kalmar da ko ɗan lakkol ba ya ganewa sai da ƙamus. Saiwarta baƙaƙe uku ne, k, p, r, su ne kuma na "kaffara" da kowane almajiri ya sani. Bisansa ne babban firist yake yayyafa jini sau ɗaya a shekara saboda zunuban jama'a. Muna ba da shawara a shigar da "murfin kaffara" cikin jerin kalmomi, a gwada ta wurin masu karatu a Maraɗi da Yamai, Musulmi da Kirista, kafin a yanke hukunci.