Gizon da ya koma dogari

Gizon tatsuniyarmu sarki yake wa wayo. Gizon Amurka, wato Spider-Man na wasan PlayStation 4 da kamfanin Insomniac ya fitar a 2018, aikin dogari yake yi. Duk wanda ya buga wasan ga ya san aikin farko-farko da ake ba ka: ka hau dogayen benaye na New York ka gyara na'urorin sa ido na kamfanin Oscorp da ƴan sanda ke amfani da su. In ka gyara ɗaya, taswirar unguwar ta buɗe, laifuffuka su riƙa fitowa a kanta. Kyaftin Yuri Watanabe ta kira ka, ka tafi ka yi duka. Har raha jarumin yake yi, yana kiran kansa ɗan sanda.

Wasan yana da daɗi, ba gardama. Shawagi tsakanin benaye kaɗai ya isa ka manta da cin abinci. Amma ku lura: a cikinsa ba a taɓa dukan wanda bai ji ba bai gani ba. Wanda taswira ta nuna, mai laifi ne, ba tambaya, ba shaida, ba alƙali. A New York ta gaskiya kuwa, a 2011 kaɗai ƴan sanda sun tsaida mutane a titi fiye da sau 685,000, suna tambayarsu, da yawa har da laluben jiki. Mafi yawansu baƙar fata ne da ƴan asalin Latin Amurka, kuma kusan tara cikin goma an sake su ba tare da wata tuhuma ba. A 2013 kotu ta ce yadda ake yin abin ya saɓa wa tsarin mulki. Birnin ne anka zana tituna-tituna a wasan, wannan ɓangaren kawai anka share.

Sai ga wasan Miles Morales a Nuwamba 2020, wata shida bayan kisan George Floyd a Minneapolis. Miles baƙar fata ne, uwarsa ƴar asalin Puerto Rico, yana zaune a Harlem. Nan ƴan sanda sun ja baya: mutanen unguwa ne ke kiransa ta waya, abokin gabar kuma kamfanin Roxxon ne da masu gadinsa. Har zanen bango na Black Lives Matter akwai. Madalla. To amma uban Miles ɗan sanda ne nagari da ya mutu yana ceton jama'a, don haka wasan bai taɓa tambayar me zai faru da yaro baƙi mai rufe fuska in ƴan sanda sunka tare shi da dare ba. An fentin bango, an kauce wa maganar.

Mu nan kusa da Zamfara mun ga ƴan sa-kai, mun kuma ji yadda zargi ke faɗa wa Bafulatani don kamanninsa kawai. Ɗan banga na gaske yana kuskure, kuma in an yi wa mutum taron dangi a kasuwa don wani ya ce "ɓarawo", babu maɓallin da za a danna a sake farawa.