Ihsani a Zamanin Hari: Sharhi a Kan Labarin Baba Mutuniyar Karo

Gabatarwa

Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, wata dattijuwa da ake kira Baba ta zauna a Giwa ta ƙasar Zazzau tana ba wa wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta. Baba ta rasu a 1951, aka buga labarin da Turanci a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo, daga baya matanin Hausa ya fito. An haife ta wajajen 1877 a Karo, kusa da Zarewa, garin da a yau yake cikin ƙaramar hukumar Rogo a masarautar Karaye. Masana al'adu sun daɗe suna ɗibar bayanan aure da zumunci daga littafin. Amma yana ɗauke da wata mas'ala da ta fi shafar ɗalibin addini, wato shin ƙananan ayyukan alheri na yau da kullum suna rage zalunci, ko dai suna sa a iya jure shi ne kawai?

Abin da littafin ya nuna

Baba ta taso a kan iyakar Kano da Zazzau a lokacin da hari ya zama ruwan dare. Ta ba da labarin mayaƙan Mai Sudan, wato Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, da yadda mutanen ƙauye kan gudu su shige ganuwa, da yadda akan kama mata da yara a sayar. Ba ta yi wa mai sauraro wa'azi ba, ba ta kuma ƙawata magana ba. Wannan sauƙin zance shi ne ƙarfin littafin, domin ya bar mai karatu ya ga abin da mutane suka yi da hannunsu.

Abin da suka yi kuwa ƙanana ne. Idan aka kama wani, dangi su bi sawu, su tara wuri, su fanso shi. Mata su ƙulla ƙawance, kowace ta kai wa 'yar'uwarta gudummawa ranar biki. A ɗauki ɗa a ba wa wadda ba ta haihu ba ta riƙa. Ita kanta Baba ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta reni 'ya'yan wasu. Babu ɗaya daga waɗannan da ya tsayar da maharan Kwantagora, sai dai sun hana tsoro ya wargaza gidaje. Nassi ma bai raina irin wannan ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka gafarta wa saboda shayar da kare, da wadda ta shiga wuta saboda tsare kyanwa. Suratul Balad kuma ta jera ciyar da maraya da miskini a ranar yunwa kusa da 'yanta wuya.

Inda shaidar ta gaza

Sai dai mai karatu zai yi kuskure idan ya tsaya nan. Gidan su Baba, wanda ya yi kukan kama 'ya'yansa, shi ma yana da rinji. Kakanta Ibrahim Dara, wanda asalinsa Barno ne, ya mallaki bayi masu noma masa gandu. Baba ta tuna zaman da daɗin baki: ana ciyar da bayi, ana yi musu aure, suna da gayaunarsu, 'ya'yansu suna tashi tare da 'ya'yan gida. Babu dalilin ƙaryata ta. Amma ita ce kuma ta faɗa cewa da Turawa suka zo, bayi da yawa suka tsere. Wanda aka kyautata wa, ƙofa na buɗewa ya fice, ya bayar da tasa shaidar ko da bai ce uffan ba.

A nan babban gibin littafin yake. Muryar 'yar masu rinji ake ji, baƙuwa ce take tambaya, bawa kuwa bai sami bakin magana ba. Tambayar da malaman fiƙihu suka fi damuwa da ita, wato ta wace hanya aka mallaki waɗannan mutane, ba ta taso ba. Alhali tun 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya bayyana a Mi'irajus Su'ud cewa bai halatta a bautar da Musulmi ɗa ba, ya kuma ambaci mutanen Kano da Katsina cikin waɗanda hukuncin ya kare. Hadisin Abu Zarri ya umarci mai gida ya ciyar da bawansa daga abin da yake ci, ya tufatar da shi daga abin da yake sawa, amma tuwo da riga ba sa halatta kamun da asalinsa ɓatacce ne. Ba banza ba aya ta 90 ta Suratun Nahli, wadda limamai da yawa ke rufe huɗuba da ita, ta gabatar da adalci kafin ihsani.

Kammalawa

Amsar da littafin ya bayar kashi biyu ce. Alherin da ke gudana tsakanin waɗanda ake zalunta yana rage raɗaɗi, yana kuma raya al'umma. Alherin da ke sauka daga mai riƙe da haƙƙin wani kuwa, in ba a mayar da haƙƙin ba, yana iya zama lulluɓi. Kalmar fansa da Baba ta sani a ƙuruciyarta ta dawo bakin mutanen Arewa, dangi suna karo-karo kamar yadda kakanninsu suka tara wuri. Haka nan gidaje da dama suna da 'yar aiki ko almajirin da ake ba wa ragowar tuwo, a tauye masa lada. Mai wa'azin da zai kwaɗaitar da mutane a kan sakin fuska da ciyarwa ya yi daidai, amma ya cika maganar da tambayar ko an biya mai haƙƙi haƙƙinsa. Allah ne mafi sani.