Kama da Wane Ba Ta Wane: Nazari a Kan Abubakar Biyu na Gasar 1933

Hausawa na cewa suna linzami ne. To, amma a fagen adabi sau da yawa suna yakan zame wa mai shi labule, ya rufe aikinsa. Duk malamin da ya taɓa duba takardun jarrabawar Hausa ya san yadda ɗalibai ke haɗa Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Balewa a tukunya ɗaya, su ba wannan littafin wancan. Manufar wannan ɗan nazari ita ce a nuna cewa ko da an yage bangon littattafansu, mai karatu mai lura ba zai kasa rarrabe su ba.

Ba a banza ake ruɗewa ba. An haifi Imam a Kagara a 1911, Balewa kuwa a 1912 a ƙasar Bauchi. Dukkansu sun yi karatu a Kwalejin Katsina, kuma suna koyarwa a Midil lokacin da Dokta Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933. Daga wannan gasa ne aka sami Ruwan Bagaja na Imam da Shaihu Umar na Balewa, tare da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Abubakar biyu ke nan, Muhammadu biyu, cikin littattafai biyar. Wani abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne, Kagara, garin Imam, shi ne garin da Balewa ya zaɓa ya zama asalin tauraronsa.

Iyakar kamar ke nan. Imam marubuci ne na raha. Alhaji Imam, tauraron Ruwan Bagaja, ya fita neman ruwan magani, amma abin da ke riƙe mai karatu shi ne ramuwar ƙeta tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya yi wa wancan, gobe wancan ya rama. Jimlolinsa na gudu, cike da karin magana da zaurance da ba'a. Inda littafin ya gaza shi ne wajen ƙulli. Labaran a jere suke kamar duwatsun carbi, kana iya zare ɗaya ko biyu ba tare da an lura ba, kuma tauraron ya dawo gida da halin da ya fita da shi.

Balewa kuwa bai zo ba da dariya ba. Shaihu Umar dattijo ne da ke ba almajiransa tarihin rayuwarsa cikin natsuwa: yadda aka sace shi yana ƙarami, yadda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, aka ƙetare hamada da shi, ya yi ilimi a baƙuwar ƙasa. Harshen ba shi da ado, amma kowane abu da ya faru shi ke haifar da na gabansa. A ganina ƙarfin littafin na wurin mahaifiyar Umar, wadda ta bar gida neman ɗanta har ita ma ta faɗa cikin bauta. A nan ne marubucin ya nuna mana cinikin bayi daga ɓangaren waɗanda aka sayar. Rauninsa shi ne Umar kansa: ya cika kirki, ba ya fushi, ba ya zaɓi, ƙaddara ce kawai ke ɗaukarsa daga hannu zuwa hannu.

Sunan kowannensu ya yi masa wata irin illa. Imam ya ci gaba da rubutu, ya fitar da Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, har sunansa ya yi girman da in an ce “Abubakar” a adabin Hausa shi ake nufi. Wannan inuwa ta rufe wasu takwarorinsa, irin su Abubakar Tunau mai Wasan Marafa da sha'iri Abubakar Ladan Zariya. Shi kuma Balewa, da ya zama Firayim Minista, aka kuma kashe shi a 1966, sai aka koma yabon Shaihu Umar don darajar mai shi. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, amma har yanzu akwai masu ambatonsa da girmamawa ba su buɗe shi ba. Wanda ya rubuta littafin nan malamin makaranta ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

Darasin da ke nan ga 'yan'uwa masu tasowa a bayyane yake. Da yawanmu mukan ɓata lokaci wajen neman laƙabi mai armashi, ko jera sunan gari da na unguwa a bangon littafi, don kada a haɗa mu da takwara. Babu laifi a yi haka, amma ba ya wadatarwa. Ɗauki shafi ɗaya na rubutunka, ka cire sunanka, ka ba wanda ya saba karanta ka. In ya gane kai ne, ka fara samun murya. In bai gane ba, da sauran aiki a gabanka.