Jinjina ga Malaman Tarihi da Tsarin Mulki a Kwalejojin Al'umma na Amurka

Da ƙarfe bakwai na dare, a ajin wata kwalejin al'umma a jihar Texas, za ka tarar da ma'aikaciyar jinya ko kayan aiki ba ta tuɓe ba, ga direban tirela, ga tsohon soja, ga baƙon da ke shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa. Malami na tsaye gabansu da ɗan littafin kundin tsarin mulkin da aka rubuta a Filadelfiya a 1787, yana bin sa da su layi-layi.

Irin waɗannan kwalejoji na shekara biyu, da suka samo asali daga garin Joliet a 1901, su ne ƙofar talaka zuwa ilimi mai zurfi, saboda sauƙin kuɗinsu. A Texas kuwa, doka ta wajabta wa ɗaliban kwalejojin gwamnati darussan tarihin ƙasa da na mulki.

A bakin malamin nan ɗalibi ke jin dalilin da ya sa kowace jiha ke da sanata biyu, da yadda gyara na 13 ga kundin tsarin mulkin ya haramta bauta a 1865, da yadda Kotun Ƙoli ta soke wariyar launin fata a makarantun gwamnati a 1954. Ba ya ɓoye abin kunyar tarihi, ba ya kuma tilasta wa kowa ra'ayinsa. Da yawan irin waɗannan malamai ma na wucin gadi ne, albashi kaɗan, takardun dubawa tuli.

Yabon gwani ya zama dole. Sannunku da aiki, malamai, Allah ya saka da alheri.