Jinjina ga Marubutan da Baƙunta Ba Ta Mantar da Su Gida Ba

Ɗayyib Salih ya daɗe yana aiki a sashen Larabci na BBC a Landan, amma alƙalaminsa bai bar ƙauyen bakin kogin Nilu ba, da dabinonsa da dattawansa masu hira. Ita kuwa Leila Aboulela, a sanyin Aberdeen ta rubuta The Translator, wanda ya fito a 1999: labarin wata bazawara 'yar Sudan da ta riƙe sallarta a garin da ba a jin ladan. Wannan aiki sai mai haƙuri, a zauna dare bayan dare ana tuno lafazin kaka kafin ya dushe. Allah ya saka musu. Ɗan Karaye ko Rogo da cirani ya kai Legas ya san irin wannan kewa. Matasan marubutanmu, ku nemi littattafansu.