Gangamau a Ƙasar Daura: Aikinsa a Jiki da Iyakar Maganinsa

Gangamau, wanda masu kayan ƙamshi suka fi kira kurkum a yau, saiwa ce 'yar gidan su citta, sai dai cikinta ruwan ɗorawa ne mai kama hannu. Asalinta Kudancin Asiya, kuma har gobe Indiya ce ke noma mafi yawan abin da duniya ke ci. Shukar tana son ruwa mai yawa, tana kuma shafe wata bakwai zuwa tara a ƙasa kafin a tone ta. Jigawar Sandamu da ke ƙasar Daura, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, ƙasar gero da wake da gyaɗa ce, don haka gangamau baƙo ne a nan. 'Yan kasuwa ke ɗauko shi daga wuraren da ake noman citta, irin su kudancin Kaduna, ya biyo ta Kano, ya iso Daura da Mai'aduwa, sannan ya bazu kasuwannin ƙauye, ko busasshe gaɓa-gaɓa ko gari a ƙulle cikin leda.

Tsohon aikinsa a ƙasar Hausa rini ne: dukawa sun daɗe suna rina fata da shi. Mata kuma suna haɗa shi da dilka wajen gyaran jikin amarya, wasu su kwaɓa da madara ko zuma su shafa wa fuska saboda ƙuraje. Shan sa don magani ya ƙaru ne da yawaitar shagunan magungunan Musulunci da tallar waya, inda ake jingina masa sanyin ƙashi, gyambon ciki, ciwon suga, har da daji.

Sinadarin da ke ba shi launi shi ake kira kurkumin. Masana biyu, Vogel da Pelletier, suka fara tace shi a 1815, a 1910 kuma aka gano tsarinsa. Shi da danginsa biyu ba su cika wuce kashi 5 cikin 100 na busasshiyar saiwa ba. Saura sitaci ne da zare da ɗan mai mai ƙamshi. Kurkumin ba ya narkewa a ruwa, sai a mai, kuma da ya haɗu da kanwa ko toka sai ya rikiɗe ya yi ja. Duk wadda ta taɓa goga sabulu a zanen da kurkum ya ɓata ta ga wannan da idonta.

A ɗakin gwaji, kurkumin yana rage kumburi, yana kashe wasu ƙwayoyin cuta. Cikin jikin mutum kuwa labarin ya sha bamban, domin kaɗan ne ke ratsa hanji, wanda ya ratsa ɗin ma hanta ta yi maza ta sauya shi ta fitar. A 1998 masu bincike a Bangalo ta Indiya suka ba mutane giram 2 na kurkumin tare da miligiram 20 na sinadarin yajin da ke cikin baƙin barkono, irin wanda ke cikin masoro, sai abin da ya isa jini ya ninka kusan sau 20. Shi ya sa kamfanoni ke haɗa su a kafso ɗaya. Duk da haka, wani babban bita da aka buga a Amurka a 2017, bayan an yi gwaji fiye da 120 a kan mutane, ya nuna kurkumin bai kai matsayin tabbataccen maganin kowace cuta ba. Inda hujja ta ɗan fi ƙarfi shi ne ciwon gwiwa na manya, shi ma sauƙi yake kawowa, ba waraka ba. Maganar ciwon daji kuwa kasuwa ce kawai.

Shafa gangamau a rauni tsohon ilmi ne, har ya taɓa jawo shari'a: a 1995 Amurka ta ba wata cibiyar likitanci ta Jami'ar Misisifi haƙƙin mallakar wannan amfani, hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce, aka soke shi a 1997.

Inda ya kamata a fi lura a ƙasar Daura shi ne shawara. Al'ada ta saba bin idon da ya yi ɗorawa da saiwa mai irin launinsa, musamman rawaya, wadda tsiron daji ce dabam, ba dangin gangamau ba, ko da yake garinsu na iya rikita mai saye. Shawara alama ce, ba cuta ɗaya ba: tana iya fitowa daga ciwon hanta, ko zazzaɓin cizon sauro, ko sikila, ko toshewar hanyar matsarmama. Gangamau yana sa matsarmama ta matse, don haka mai tsakuwa a cikinta ƙara masa azaba zai yi. Kafso mai ƙarfi kuma shi kansa yana taɓa hanta. A 2019 hukumomin lafiya na Italiya sun janye wasu daga kasuwa bayan mutane da dama sun kamu da kumburin hanta. Mai shawara gwajin jini yake buƙata tun kafin jiƙo.

Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci ya sa iyakar kurkumin a miligiram 3 kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Ɗan abin da ake barbaɗawa a dafa-duka ko miya da wuya ya kai haka, amma kafso ɗaya na iya zarcewa. Mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda za a yi wa tiyata, abinci ya ishe su.

Sai algus. A Bangladash an gano masu sarrafa saiwar suna goga mata fenti mai ɗauke da dalma don ta yi haske, gubar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Ba a gane ta a gari da ido ko da harshe. Shi ya sa ya fi aminci a sayi saiwar ɗanya ko gaɓa-gaɓa, a guji wadda bayanta ke sheƙi fiye da kima, a wanke, a shanya, a daka a turmin gida.